Yadda Ake Kare Kayan Oda Daga Ɓarayi a Gidan Haya

Kayan da mutum ya yi oda ta intanet sukan yi doguwar tafiya lafiya lau, daga sito zuwa mota, daga mota zuwa jirgi, kuma duk hannun da suka shiga ana rubutawa. Inda rubutun yake tsayawa shi ne bakin ƙofa. Mai kawo kaya ya dire kwali, ya ɗauki hotonsa, ya danna a wayarsa cewa an kai, ya wuce gida na gaba. Daga wannan lokaci har mai kayan ya dawo daga wurin aiki, kwalin ba ya hannun kowa. A wannan tsakanin ne ɓarawo yake cin kasuwarsa.

A gidan haya abin ya fi muni. Ƙofar shiga ta kowa ce, saboda haka ba wanda yake jin nauyinta a kansa. Baƙuwar fuska ba ta ɗaga wa kowa hankali, domin kowa zai ɗauka baƙon maƙwabci ne. Ga shi kuma ɗan haya ba shi da ikon huda bango ko canza makulli yadda ya ga dama. Shi ya sa dabarar da take yi wa mai gidan kansa aiki ba lallai ta yi wa ɗan haya ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: a rage lokacin da kaya suke yi a yashe, a kuma san hannun da za su shiga tun kafin a biya kuɗinsu. Kyamara da sauran na'urori daga baya suke zuwa.

Mataki na farko: ka bi sawun mai kawo kaya

Kafin ka sayi komai, fita ka tsaya a bakin titi, ka dubi gidan da idon baƙo. Lambar gidan tana fitowa sosai, ko ta goge? Idan mutum ya shigo, zai gane ƙofarka ba tare da ya yi tambaya ba? Idan aka ajiye kwali a inda aka saba ajiyewa, mai wucewa a titi zai hango shi?

Sai ka gwada babbar ƙofa. Buɗe ta, ka sake ta, ka ga ko za ta rufe da kanta har sakata ta kama. A gidaje da yawa za ka tarar ƙofar tana tsayawa saura ɗan yatsa ta rufe, ko kuma wani ya tokare ta da dutse don kada ya sha wahalar neman makulli in ya dawo. Mai satar kwali ba ya zuwa da guduma. Yakan shigo ta ƙofar da aka bari a buɗe, ko ya jira wani ɗan haya ya buɗe ya bi bayansa da waya a kunne kamar ɗan gida, ko ya riƙa bin motar kamfani daga nesa yana kwashe abin da aka sauke. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan zagayen na minti 10 zai nuna maka inda tsagar take.

Mataki na biyu: gyara adireshi da bayanin da kake bar wa mai kawo kaya

Ba duk kayan da suka ɓata ne aka sace ba. Wasu an kai su ƙofar da ba ita ba ce, saboda adireshin bai cika ba. Shiga kowace manhaja da kake sayayya da ita, ka tabbatar akwai lambar gida, lambar bene, lambar ɗaki, sunanka kamar yadda yake a jikin ƙararrawa ko akwatin wasiƙa, da lambar wayar da kake ɗauka da rana. Idan gidan yana da ƙofa biyu, ka faɗi wacce za a bi.

Yawancin manhajojin suna da gurbin barin bayani. Ka taƙaita, domin mai kawo kaya yana da tarin wuraren zuwa, ba zai tsaya karanta dogon labari ba. Misali: "Kada a ajiye a bakin ƙofa. A kira ni. In ban ɗauka ba, a ba ɗaki na 4." Kada ka taɓa rubuta cewa ba ka gida daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ko cewa ka yi tafiya. Wani lokaci bayanin yakan fito a takardar da aka manna a jikin kwali.

Akwai wani abu a nan da mutane ba su cika lura da shi ba. A Birtaniya, dokar kare haƙƙin mai saye ta 2015 ta ce nauyin kaya yana wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wanda mai saye ya wakilta. Ƙasashen Tarayyar Turai ma suna da irin wannan ƙa'ida tun daga dokarsu ta 2011. To amma idan kai da kanka ka rubuta cewa a ajiye maka a bayan kwandon shara ko a ƙarƙashin matakala, aka ajiye, aka sace, mai sayarwa zai ce ya cika umarninka, kuma samun biyan diyya zai yi wuya. Don haka kada ka ambaci wani wurin ajiya sai wanda ka amince da shi har zuciyarka. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka karanta sharuɗɗan shagon da kake hulɗa da shi, musamman sashen da ya yi magana kan kayan da aka kai amma ba su iske mai su ba.

Mataki na uku: ka riƙe lokacin isowa a hannunka

Kunna sanarwar bibiyar kaya a wayarka, ta saƙon tes da ta manhaja. Manyan kamfanonin aike suna da tsarin da ke ba mai karɓa damar canza rana, ko karkatar da kaya zuwa wani wuri alhali suna hanya. UPS ya fito da nasa mai suna My Choice a 2011, FedEx yana da Delivery Manager, hukumar gidan waya ta Amurka kuma ta game ƙasar da tsarinta na Informed Delivery a 2017. Kowane kamfani da sunan da ya ba nasa, amma aikin ɗaya ne. Yi rajista sau ɗaya, ka huta.

Idan kana yawan oda, ka tara su su zo rana ɗaya, ranar da ka san kana gida. Kwali 5 a rana 5 dama 5 ce ga ɓarawo. Idan kuma kana shirin tafiya, ka dakatar da oda mako guda kafin ka tashi, har da kayan da suke zuwa da kansu duk wata, waɗanda aka fi mantawa da su.

Kaya masu tsada, irin waya ko kwamfuta, ka zaɓi a kawo su da sharaɗin sa hannu, ko da lambar sirri ta amfani sau ɗaya. Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, alal misali, yakan aiko da lamba mai alƙaluma 6 wadda sai ka karanta wa direba kafin ya miƙa maka kayan. Hattara a nan: kada ka faɗa wa kowa wannan lamba ta waya. Sai kwalin yana gabanka, ka duba ba a farke shi ba, sannan ka bayar. Da zarar ka faɗe ta, a wurin kamfani ka riga ka karɓi kaya, ko da ba ka gan su da idonka ba. Haka kuma ka guji saƙonnin da suke cewa an kasa kawo maka kaya, ka danna nan ka biya 'yan kuɗi kaɗan. Wannan wata satar ce daban, ta bayanan katin banki. In kana shakka, buɗe manhajar kamfanin da kanka ka duba.

Inda aka ba da zaɓi, ka nemi a saka kayan cikin kwalin da ba shi da hoto. Kwalin da aka zana talabijin a jikinsa talla yake yi wa kansa.

Mataki na huɗu: hana kayan zuwa ƙofarka gaba ɗaya

A ganina wannan ce hanyar da ta fi kowacce ga ɗan hayar da yake wuni a waje, kuma ba ta buƙatar izinin mai gida. Kwalin da bai taɓa zama a bakin ƙofa ba, ba wanda zai ɗauke shi daga can.

Akwai akwatunan ajiya na ƙarfe masu buɗewa da lambar sirri, waɗanda ake girkewa a tashoshi da bakin manyan shaguna. DHL ya fara nasa a Jamus a 2001, InPost ya fara a Poland a 2009, Amazon ya biyo baya a 2011. Yadda abin yake: wajen biyan kuɗi sai ka zaɓi akwatin da ke kusa da kai a madadin adireshin gida. Idan kaya sun iso, za a turo maka lamba, ka je ka danna, ƙofar gurbinka ta buɗe. Abu biyu za ka kiyaye. Akwai iyakar girma da nauyi, sannan akwai wa'adi. Na Amazon kwana 3 ne, in ya wuce a mayar da kayan. Saboda haka ka zaɓi wanda yake kan hanyarka ta kullum, ba wanda sai ka yi masa tafiya ta musamman ba.

Inda babu irin waɗannan akwatuna, yawanci akwai ofishin kamfanin aike ko shagon da ya ƙulla yarjejeniya da su, inda za ka je da katin shaida ka karɓa. Wurin aiki ma mafita ne, matuƙar shugabanninka sun yarda, kuma akwai wanda yake zama a teburin karɓar baƙi.

Mataki na biyar: maƙwabta da mai gadi

Ka nemi maƙwabci ɗaya, ba gidan duka ba, wanda yake yawan zama a gida kuma ka yarda da amanarsa. Ka same shi ka roƙe shi da kyau, ka kuma yi masa irin wannan alheri a ranakun da kake nan. Ku yi magana dalla-dalla: za ka sanar da shi tun da safe idan kana jiran kaya, shi kuma zai turo maka saƙo da hoto idan ya karɓa, kai kuma za ka karɓe su a ranar. Kada ka mayar da ɗakin mutum sito. Wannan ne yake kashe irin wannan zumunci.

Idan gidan yana da mai gadi ko mai kula da gida, kada a bar abin a baki kawai. A sayi littafi mai layi, a raba shafi gida biyar: kwanan wata, lambar ɗaki, sunan kamfani, sa hannun wanda ya karɓa, sa hannun wanda ya ɗauka. Littafin yana kare mai kaya, amma ya fi kare mai gadin, domin duk ranar da wani abu ya ɓata, shi ne farkon wanda ido yake komawa kansa, sau da yawa ba da haƙƙinsa ba.

Zauren WhatsApp na 'yan haya yana da amfani wajen cewa akwai kwali a ƙasa na ɗaki kaza. A dai guji saka hoton takardar da ke jikin kwali, saboda tana ɗauke da cikakken suna da lambar waya da lambar bibiya. A kuma daidaita kan ƙa'ida ɗaya: ba a buɗe wa wanda ba a sani ba babbar ƙofa, ko da yana sanye da rigar kamfani, sai wanda ya zo wurinsa ya amsa.

Mataki na shida: zama da mai gida

Wasu gyare-gyaren sai mai gida. Ka je masa da takamaiman buƙata a rubuce, kuma zai fi kyau a ce ku biyu ne ko uku kuka sa hannu. Ka nuna masa cewa ƙofar da ɓarawon kwali yake shigowa ta ita, ita ce ɓarawon wayar lantarki da na injin ruwa zai bi gobe. Mai gida ya fi saurin jin maganar da ta shafi dukiyarsa.

A fara da masu sauƙi. Ƙarfen da ke ja wa ƙofa ta rufe da kanta. Fitila mai kamawa idan ta ji motsi, a mashiga da kan matakala. Lambobi manya a kowace ƙofa. Idan babbar ƙofa da lambar sirri ake buɗe ta, a canza lambar duk lokacin da wani ɗan haya ya tashi, domin lambar da ta shekara ba a canza ba ta riga ta shiga hannun tsofaffin 'yan haya da abokansu da duk ma'aikacin da ya taɓa zuwa gyara. Inda makullin yake karɓar lamba fiye da ɗaya, a ware wa masu kawo kaya tasu, wadda za ta yi aiki da rana kawai.

Bayan haka sai akwatin karɓar kaya. Wanda ya fi kyau shi ne mai baki a sama, wanda idan aka jefa kwali ya faɗa ciki hannu ba zai iya zaro shi ba, sai an buɗe ƙofar ƙasa da makulli. Dole a ɗaure shi da noti a ƙasa ko a bango, in ba haka ba a ɗauke shi da abin da ke ciki. Ɗan hayar da aka hana huda bango yana iya ɗaure nasa da sarƙa da kwaɗo a jikin ƙarfen baranda. A bar kwaɗon a buɗe da safe, a manna 'yar takarda mai cewa a saka a ciki a danna kwaɗo. Kada a ajiye akwatin inda zai tare hanyar fita idan gobara ta tashi.

A babban gida mai ɗakuna da yawa, ɗaki ɗaya mai makulli ya wadatar, da kantar jera kaya a ciki, kowane bene da layinsa. Ga masu gidaje kuma ina da shawara: ku rubuta a yarjejeniyar haya ko ma'aikatanku suna karɓar kaya ko ba sa karɓa, kwana nawa ake ajiyewa, da kuma wanda zai ɗauki asara idan abu ya ɓata. Rigimar da ake yi bayan sata kusan kullum daga rashin wannan rubutu take tasowa.

Mataki na bakwai: kyamara

Na ajiye ta kusa da ƙarshe da gangan. Tun da ƙararrawa mai kyamara ta yaɗu, musamman bayan Amazon ya sayi kamfanin Ring mai ƙera irinta a 2018, mutane da yawa sun ɗauka da sun saka ta magana ta ƙare. Kyamara tana tsorata mai tsoro, tana kuma ba ka shaida, amma ba ta riƙe hannun kowa. Wanda ya sa hula da takunkumi zai ɗauki kwali a gabanta ya tafi.

In za ka saka, nemi izinin mai gida a rubuce. Akwai masu batir da ake maƙala wa gefen ƙofa ba tare da ƙusa ba, akwai kuma waɗanda ake sakawa a ramin leƙe na ƙofa. A daidaita ta yadda za ta kama fuska da kuma ƙasan da ake ajiye kaya. Kyamarar da aka liƙa can sama, tsakiyar kai kawai take ɗauka. Gwada ta da rana da kuma dare, domin hasken da ke bayan mutum yakan mayar da fuskarsa inuwa. Ka kuma san kwana nawa take riƙe bidiyo kafin ta goge.

Sai haƙƙin maƙwabta. A 2021 wata kotu a Oxford ta Ingila ta yanke hukunci cewa wani magidanci ya karya dokar kare bayanai, saboda na'urorinsa suna ɗaukar sautin mutane har wajen harabarsa. A gidan haya, inda ƙofofi suke kallon juna, abin ya fi kusa. Ka karkatar da ita ga ƙofarka, ka kashe ɗaukar sauti, ka sanar da waɗanda kuke haɗa baranda. Ba daidai ba ne matar maƙwabci ta kasa fitowa shanya ba tare da wayarka ta yi ƙara ba.

Idan an riga an sace

Ka fara natsuwa. Buɗe hoton da mai kawo kaya ya ɗauka, ka duba launin ƙofa da tabarmar da ke gabanta, ko taka ce. Zagaya bayan gida da sauran benaye, ka tambayi mutanen ɗakinka da maƙwabta da mai gadi. Wani lokaci akan danna an kai alhali kayan suna cikin mota, su iso bayan 'yan sa'o'i ko washegari.

In sun tabbata babu, ka sauke bidiyon kyamara a ranar, ka kuma roƙi mai gida ya adana na gidan kafin na'ura ta rubuta wani a kansa. Sannan ka tuntuɓi wanda ya sayar maka, domin da shi ka yi ciniki, shi kuma ya ɗauki kamfanin aike. Ka rubuta masa lambar oda, da ranar, da abin da ka bincika, ka ajiye duk amsar da ya ba ka. In ya ƙi kulawa kuma da kati ka biya, bankinka yana da hanyar ƙalubalantar cinikin, amma tana da wa'adi, kada ka yi sanya. Mai inshorar kayan ɗaki ya duba takardarsa, ya kwatanta kuɗin kayan da kason da shi zai fara biya daga aljihunsa kafin inshora ta shigo.

Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko da kayan ba su da tsada, ka karɓi lambar rahoton. Shago da inshora sukan nemi wannan lamba, kuma rahotanni ne suke nuna cewa mutum ɗaya ne yake yi wa unguwa ɗauki ɗai-ɗai. A jihar Texas ta Amurka, dokar da ta fara aiki a 2019 ta sa hukuncin satar wasiƙu da kwalaye yana ƙaruwa gwargwadon yawan gidajen da aka yi wa satar. Idan abin da aka ɗauke ya ƙunshi katin banki, layin waya ko takardar shaida, ka sa a toshe su nan take. In magani ne, ka kira inda aka rubuta maka shi a ranar.

Ina roƙon a kiyaye abu uku. Kada a bi ɓarawo da gudu, domin babu kwalin da ya kai ran mutum. Kada a ɗana tarkon da zai ji wa wani rauni, saboda yaro ko mai shara ne zai iya fara taɓa shi, kuma kai doka za ta kama. Kada kuma a ambaci sunan maƙwabci ko a watsa hoton wani a intanet bisa zato. Mutumin da kyamara ta nuna yana ɗauke da kwalinka wataƙila shigar maka da shi ya yi don kada ruwa ya jiƙa shi. Ka ba 'yan sanda da mai gida bidiyon, su yi aikinsu.

Odar da za ta biyo baya kada ta bi hanyar da ta farko ta bi, domin wanda ya samu sau ɗaya zai sake leƙowa. A karkatar da ita zuwa wurin karɓa har sai an gyara ƙofar.

Ranar da za ka tashi daga gidan kuma, kafin ka miƙa makulli, shiga duk manhajojin sayayya ka goge tsohon adireshin gaba ɗaya, ba ƙara sabo kawai ba, don manhaja takan zaɓi wanda ta saba da shi ba tare da ta tambaye ka ba. Duba kayan da suke zuwa duk wata, ka nemi gidan waya ya karkatar da wasiƙunka idan suna yin haka, ka bar wa mai kula da gidan lambar wayarka saboda abin da zai iso bayan ka tafi.